Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Jirgin Sama Ke Fuskantar Iska Idan Zai Tashi?

  A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar gona da kiwo, mu leƙa filin jirgin sama.

Ga abin da ya jawo wannan darasi. Wata shekara da damina, mun yi wa wani ɗan'uwanmu rakiya zuwa Kano, zai tafi aikin Hajji. Da ranar tashinsu ta zo, sai muka sami wuri daga nesa muka tsaya, muna hangen jirginsu. Ina tare da wani ƙanen mahaifina, dattijo manomi. Jirgin ya yi tafiya a hankali har ƙarshen titi, ya juya, ya sheƙa da gudu, ya tashi ya nufi wajen faɗuwar rana. Sai dattijon ya kama hannuna ya ce, "Kai ɗan nan, ku da kuka yi boko, ai Makka gabas take. Me ya sa ya ba gabas baya? Ko direban ya ɓata hanya ne?"

Na ce, "Baffa, bai ɓata ba. Iska yake nema. In ya hau sama zai juyo."

Ya ce, "Iska kuma? Ni na ɗauka iska ita ce abokiyar gabarsa."

Tambayar Baffa tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce darasinmu na yau. Ku karanta a hankali. In kun gamu da lissafi, ku ɗauki fensir ku gwada da kanku.

ISKA TANA DA NAUYI

Mu fara da iskar kanta. Ba ma ganinta, shi ya sa muke ɗauka ba komai ba ce. Amma mun san aikinta. Ita ke kwashe ƙaiƙayi idan mata suna shiƙar hatsi. Ita ke kwantar da dawa a gona. Ita ke yaye rufin kwano a farkon damina.

Masana sun auna iska, sun samu tana da nauyi. A ce ga akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Iskar da ke cikinsa ta ɗan haura kilo 1. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, iskar da ke cikinsa ta fi buhun taki mai kilo 50 nauyi. Ke nan iska abu ce da ake iya turawa, ita ma tana iya tura abu. A kanta jirgin sama yake dogara, kamar yadda kwalekwale yake dogara a kan ruwa.

YADDA FIFFIKE KE ƊAGA JIRGI

Mutane da yawa suna zaton inji ne ke ɗaga jirgi sama. Ba haka ba ne. Aikin inji shi ne ya tura jirgi gaba. Fukafukai su ne masu ɗagawa.

Ku gwada wannan a tsakar gida. Ku sami faifai ko faffaɗan kwali ranar da ake iska. Ku riƙe shi a kwance, ku fuskanci inda iskar ke fitowa. Ba za ku ji komai sosai ba. To ku ɗan ɗaga bakinsa na gaba. Nan take za ku ji yana neman yin sama. Dalili shi ne faifan ya tare iskar ya karkatar da ita ƙasa. Ita kuma iskar sai ta tura shi sama. Haka mai haura katanga yake yi. Yana danna kan katangar da hannuwansa ƙasa, jikinsa na yin sama.

Fiffiken jirgi haka yake aiki. An ƙera shi da doro a sama, bakinsa na gaba ya ɗan ɗaga. Idan iska ta ratsa shi, yana kora ta ƙasa. Iskar da ta bi ta saman doron tana wucewa da sauri, ba ta danna fiffiken sosai. Wadda ke ƙarƙashi ta fi ta dannawa. Saboda haka sai fiffiken ya yi sama, ya ɗauki jirgin gaba ɗaya.

Wannan ƙarfi ba ƙarami ba ne. Babban jirgin nan da ake kira Boeing 747, wanda ya daɗe yana jigilar alhazai, akwai samfurinsa da ke tashi da nauyin da ya kusa tan 400. Wannan ya kai nauyin buhun taki kusan 8,000. Iska ce kawai ke ɗaukar duk wannan.

Amma akwai sharaɗi. Sai iskar ta ratsa fiffiken da gudu. Kuma ƙarfin ɗagawar yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Idan gudun iskar ya ninka sau 2, ƙarfin ɗagawar zai ninka sau 4. Idan gudun ya ninka sau 3, ƙarfin zai ninka sau 9. Shi ya sa ɗan ragin gudu kaɗan yake zama babbar matsala ga jirgi. Manyan jiragen fasinja ba sa barin ƙasa sai iska ta ratsa fukafukansu da gudun kilomita 250 zuwa 300 a awa ɗaya. Ku kwatanta da motar haya da ke gudun kilomita 100 a kan kwalta.

GUDU IRI BIYU NE

A nan ne zuciyar darasinmu take. Ku natsu sosai.

Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san wannan. A ce kana tuƙa keke da gudun kilomita 15 a awa, kuma babu iska ko kaɗan. Za ka ji iska tana bugun ƙirjinka da gudun 15. Gobe ka bi hanyar nan da wannan gudun, amma iska tana tahowa daga gabanka da gudun 10. Yanzu abin da ke bugun ƙirjinka 25 ne, wato 15 a tara da 10. Rigarka za ta cika da iska. Da ka juyo gida, iskar ta koma bayanka. Abin da za ka ji a ƙirjinka 5 ne kawai, wato 15 a ɗebe 10.

A duk tafiyar nan gudunka a kan hanya bai canja ba, 15 ne. Abin da ya canja shi ne gudunka a cikin iska.

Haka jirgi yake da gudu iri biyu. Akwai gudun ƙasa, wato saurin da yake wuce itatuwa da gidaje. Akwai gudun iska, wato saurin da iska ke ratsa fukafukansa. Fiffike bai san ƙasa ba. Babu ruwansa da yadda tayoyi ke juyawa. Iskar da ta buge shi kawai ya sani. Saboda haka gudun iska shi ke tayar da jirgi.

MU YI ƊAN LISSAFI

A ce ga jirgin da ba zai tashi ba sai gudun iskarsa ya kai kilomita 250 a awa. Mu duba shi a ranaku uku.

Rana ta farko: babu iska. Dole ya yi gudun 250 a kan titi kafin ya tashi.

Rana ta biyu: iska tana tahowa daga gabansa da gudun 30. Tun yana tsaye ya riga ya sami 30 kyauta. Da ya kai 220 a kan titi, sai ya tashi. 220 a tara da 30 ya zama 250.

Rana ta uku: iskar tana bayansa da gudun 30. Yanzu sai ya fara biyan bashin 30 ɗin nan. Ba zai tashi ba sai ya kai 280 a kan titi. 280 a ɗebe 30 ya zama 250.

Titin jirgi kuwa yana da iyaka. In a rana ta farko jirgin ya ci mita 2,000 kafin ya tashi, a rana ta biyu abin da zai ci bai wuce mita 1,600 ba. A rana ta uku kuwa zai ci wajen mita 2,500. Kun ga tsakanin fuskantar iska da ba ta baya akwai bambancin kusan kilomita guda. Wannan tazarar tana iya zama tsakanin tashi lafiya da faɗawa jeji.

Shi ya sa aka kafa doka. Yawancin jiragen fasinja ba a yarda su tashi ba idan iskar da ke bayansu ta wuce wajen kilomita 20 zuwa 28 a awa, gwargwadon irin jirgin. Haka kuma wajen sauka. Jirgi yana fuskantar iska idan zai sauka, don ya taɓa ƙasa da ƙaramin gudu, ya tsaya da wuri.

Tsuntsaye sun riga mu sanin wannan. Ku lura da ungulu ko shamuwa idan za su tashi daga ƙasa. Manyan tsuntsaye irin waɗannan sukan juya su fuskanci iska, su yi ɗan tsalle ko ɗan gudu, sannan su buɗe fukafukai. Kun kuma sha ganin shaho ya tsaya cak a sama wuri ɗaya. A ƙasa ba ya gaba, ba ya baya. Amma iska tana ratsa fukafukansa, shi ya sa bai faɗo ba.

TITIN JIRGI NA KANO

Yanzu mu koma ga tambayar Baffa. Idan za a gina filin jirgi, sai an fara bincika inda iska ta fi fitowa a wannan yanki. Sannan a shimfiɗa titin a kan wannan layi.

Mu a ƙasar Hausa manyan iskokinmu biyu ne. Da hunturu iska tana fitowa daga arewa maso gabas, daga hamada, tana ɗauke da ƙura da sanyi. Da damina kuwa tana fitowa daga kudu maso yamma, daga teku, tana ɗauke da danshi. Kowane manomi ya san wannan.

Babban titin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano yana da tsawon wajen mita 3,300. Ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. A bakinsa ɗaya an rubuta 06 da manyan lambobi, a ɗaya bakin an rubuta 24. Ga ma'anarsu. Masana sun raba kewayen sararin da ke zagaye da mu kashi 360. Gabas ita ce 90, kudu 180, yamma 270, arewa 360. Lambar 06 tana nufin 60, wato arewa maso gabas. Lambar 24 tana nufin 240, wato kudu maso yamma. Titi ɗaya ne, amma ana iya bin sa ta kowane ɓangare.

Ranar da muka yi rakiya damina ce, iska tana fitowa daga kudu maso yamma. Shi ya sa jirgin ya fuskanci can. Da hunturu ne, da wataƙila ya fuskanci arewa maso gabas tun daga ƙasa. Da jirgi ya hau sama, juyawa ba ta ɗaukar sa fiye da 'yan mintoci.

Yaya matuƙi ke sanin inda iska take? A gefen titi akwai wani dogon buhu mai launin ja da fari ko ruwan lemo, an ɗaure shi a kan ƙarfe, bakinsa a buɗe. Iska tana shiga ta cika shi. Inda wutsiyarsa ta nuna, can iskar ta nufa. In ya miƙe sosai, iskar tana da ƙarfi. Ban da wannan akwai na'urorin auna iska. Ma'aikatan da ke zaune a hasumiyar filin jirgi suna karantawa, su faɗa wa matuƙi ta rediyo.

Wani abin lura kuma. Iskar gaba tana taimako ne wajen tashi da sauka. Idan jirgi ya kama doguwar hanya a sama, iskar baya ake so, don ita ke sa a isa da wuri, a rage shan mai. Shi ya sa wani lokaci tafiya da dawowa ba sa cin lokaci ɗaya, alhali nisan bai canja ba.

JIRGIN FARKO MA DA ISKA YA TASHI

Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Wilbur Wright da ƙanensa Orville Wright, sana'arsu ƙera kekuna da gyaransu. Su ne suka fara tashi da jirgi mai inji wanda mutum ke sarrafawa. Wannan ya faru ranar 17 ga Disamba, 1903.

Ba a garinsu suka yi gwajin ba. Sun yi doguwar tafiya zuwa wani wuri mai rairayi a bakin teku, kusa da ƙauyen Kitty Hawk. Sun zaɓi wurin ne saboda iska mai ƙarfi da ake yawan yi a can. Injinsu ƙarami ne ƙwarai, ba zai iya ba jirgin gudu sosai ba. A ranar, iska tana kaɗawa da gudun wajen kilomita 40 a awa. Sai suka fuskantar da jirgin gare ta. Tashin farko ya ɗauki daƙiƙa 12, jirgin ya ci mita 37. In kun lissafa, gudunsa a ƙasa wajen kilomita 11 ne a awa. Mai keke ma zai wuce shi. Amma 11 a tara da 40 ya zama 51. Wannan ne gudun iskar da ya ɗaga shi.

Shekara 22 bayan haka, a 1925, jiragen sama 3 na sojojin Ingila suka taso daga Masar suka iso Kano. Jirage sun girma tun daga lokacin, amma ƙa'idar ba ta canja ba.

ZAFI, TUDU DA KAYA

Ban da inda iska ta fuskanta, akwai abubuwa uku da matuƙi ke dubawa.

Na farko zafi. Idan iska ta yi zafi takan buɗe, ta yi sako-sako. Ku tuna bambancin kunu mai kauri da tsararo. Iska mai sanyi ita ce mai kaurin. Da bazara zafin Kano yakan kai 40 a ma'auni. Da asubar hunturu yakan sauko 15 ko ƙasa da haka. Iskar da ke 40 ta fi ta 15 rashin nauyi da wajen kashi 8 cikin 100. A cikin irin wannan iska fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa yana raguwa. Dole jirgi ya ƙara gudu a ƙasa, ya ƙara cin titi. A watan Yuni na 2017, zafi ya kai wajen 48 a birnin Finiks na Amurka. Sai da aka soke tashin ƙananan jiragen fasinja da dama, domin zafin ya wuce iyakar da aka yarda su yi aiki a cikinsa.

Na biyu tudu. Duk yadda wuri ya yi bisa, haka iskarsa ke ƙara zama sako-sako. Legas tana bakin teku. Filin jirgin Kano yana bisa da ita da kusan mita 480. Na Jos kuwa ya kusa mita 1,300. Iskar wuri mai tsayin Jos ta ragu da wajen kashi 12 cikin 100 in an kwatanta da ta bakin teku.

Na uku kaya. Jirgi mai nauyi yana bukatar gudun iska mai yawa kafin ya tashi. Mai lodin mota yakan ƙara buhu biyu ya ce Allah ya kiyaye. In motar ta gaza a tudu, sai a sauka a tura. A jirgi babu wurin sauka a tura.

Saboda haka kafin kowane tashi matuƙa sukan yi lissafi. Su duba nauyin fasinja da kaya da mai. Su duba zafin ranar da ƙarfin iska da tsawon titi. Daga nan su fitar da gudun da za su ɗaga hancin jirgi. Su kuma fitar da wani gudun da in an wuce shi, sauran titin ba zai isa a taka birki a tsaya ba. Yayin da jirgi ke gudu, ɗaya yana tuƙi, ɗayan yana duban ma'auni yana faɗa masa. In lissafin bai fita ba, sai a rage kaya, ko a jira gari ya yi sanyi.

In kun zauna kusa da taga, za ku ga bayan fiffike ya zazzago ya ƙara faɗi kafin a tashi. Kada ku tsorata, ba karyewa ya yi ba. Matuƙi ne ya buɗe shi don ya ƙara kama iska. In an hau sama zai mayar da shi.

ABIN DA YA FARU A GWAMMAJA

Wannan magana ba ta takarda kaɗai ba ce. Ranar 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana ana tsananin zafi, wani jirgin fasinja ya tashi daga Kano zai tafi Legas. A lokacin ana gyaran babban titin, saboda haka ƙaramin titin ya bi. Jirgin ya cinye kwaltar duka bai rabu da ƙasa ba. Ya shiga fili, tayoyinsa suka ta da ƙura, injinansa suka shaƙe ta, ƙarfinsu ya ragu. Ya ɗan ɗaga sama amma bai sami gudun da zai riƙe shi ba. Sai ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da waɗanda ke zaune cikin gidajensu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mun kawo wannan ne don mu gane cewa zafi da tsawon titi da gudun iska ba abin wasa ba ne. Ba don a ji tsoron jirgi ba. Kullum dubban jirage suna tashi suna sauka lafiya a duniya, kuma tafiya a jirgi ta fi tafiya a mota aminci nesa ba kusa ba. Bin ƙa'ida ne ya kawo wannan amincin.

ISKAR DA BA A SO

Ba kowace iska ce ke taimako ba. Akwai iskar gefe, wadda ke bugun jirgi ta haƙarƙari tana neman fitar da shi daga titi. Matuƙa sun koyi yadda ake yi da ita, amma kowane jirgi yana da iyakar da zai iya ɗauka.

Wadda ta fi haɗari ita ce iskar hadari. Kun san yadda take yi a farkon damina. Gari ya yi tsit, can sai ta taso daga gabas da ƙura, jim kaɗan ta juya. A ƙarƙashin baƙin hadari iska tana iya zubowa daga sama ta watsu ko'ina, kamar an kifar da bokitin ruwa a daɓe. A ce jirgi ya tashi yana da iskar gaba ta 30, nan da nan ta koma iskar baya ta 30. Ya yi asarar 60 ke nan cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali yana kusa da ƙasa. Shi ya sa in hadari ya haɗu a kan filin jirgi, ake jira ya wuce.

Hazon hunturu kuwa matsalarsa daban ce. Ba ya hana fiffike aiki. Gani yake hanawa, musamman wajen sauka.

ƊAN BUTUTU DA ZANZARO

Mota tana auna gudunta da juyawar taya. Jirgi ba zai yi haka ba, tunda gudun iska yake son sani. A kusa da hancinsa akwai wasu 'yan bututu masu kaurin yatsa, bakinsu yana kallon gaba. Iska tana shiga ta danna. Ƙarfin dannawar shi ke nuna wa matuƙi gudunsa.

In bututun ya toshe, ma'aunin zai yi ƙarya. A watan Fabrairu na 1996 wani jirgi ya tashi daga Jamhuriyar Dominika da ke yankin tekun Karibiyan, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi, mutum 189 suka rasu. Bincike ya nuna ɗaya daga cikin bututun ya toshe, ma'auni ya ruɗa matuƙan. Jirgin ya yi kusan mako 3 a ajiye kafin ranar. Masu binciken sun fi zaton wani ƙwaro irin zanzaro ne ya yi gininsa a ciki. Shi ya sa idan aka ajiye jirgi ake rufe bakin bututun da marfi mai jan ƙyalle, a cire kafin a tashi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wani zai ce ni da ke ƙauye ina ruwana da jirgi? Ai kowace shekara 'yan'uwanmu suna tafiya Hajji da Umara, wasu kuma neman magani ko fatauci. Ga abin da za mu riƙe.

Idan an ce kowa kayansa kada ya wuce kilo kaza, mu bi. Ba ƙeta ba ce. Kowane kilo yana cikin lissafin matuƙi. Kada mu nemi wanda zai ɓoye mana kaya ba a auna ba.

Idan an jinkirta tashi saboda hadari ko iska ko zafi, mu yi haƙuri. Gara a makara a isa.

Waɗanda ke zaune kusa da filin jirgi, kada su zubar da shara ko ragowar yanka a kusa. Suna jawo ungulu da shirwa, tsuntsu kuwa in ya faɗa inji yana iya kashe shi daidai lokacin da ake neman gudu. Makiyaya su kiyaye dabbobinsu daga shingen filin. A kuma guji ƙona daji a kusa.

Da muka dawo gida na yi wa Baffa wannan bayani da misalin keke. Ya yi shiru, can ya ce, "To ai mu ma ba ma shiƙa sai mun duba inda iska take." Na ce, "Shi ke nan, Baffa, ka gane karatun."

SABABBIN KALMOMI

Gudun ƙasa: saurin da jirgi ke yi a kan titi, ko saurin da yake wuce abubuwan da ke ƙasa.
Gudun iska: saurin da iska ke ratsa fukafukan jirgi.
Iskar gaba: iskar da ke fitowa daga inda jirgi ya fuskanta.
Iskar baya: iskar da ke bin jirgi daga baya.
Tan: ma'aunin nauyi, kilo 1,000 ne.
Hasumiya: dogon gini a filin jirgi inda masu ba jirage umarni ke zama.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin inji, mene ne kuma aikin fiffike?
2. Jirgi yana bukatar gudun iska na kilomita 240. Iskar gaba tana gudun 20. Gudun nawa zai yi a titi kafin ya tashi?
3. In wannan iskar ta koma bayansa, gudun nawa zai yi?
4. Daga ina iska ke fitowa da hunturu? Da damina fa?
5. Me ya sa jirgi ya fi cin titi da tsakar ranar bazara?
6. Kawo dalili ɗaya da ya sa ake auna kayan matafiya.

AIKIN GIDA

Ku ɗaura ƙyalle a kan doguwar sanda, ku kafa ta a fili inda babu itace ko gini. Kowace safiya da yamma ku rubuta inda iska ta fito, har kwana 7. Ku kuma lura da manyan tsuntsaye idan za su tashi, ku ga ina suke fuskanta. Ku kai wa malamin ajinku abin da kuka rubuta, ku tattauna tare. Wanda ya samu amsar tambaya ta 2 da ta 3, ya koya wa na kusa da shi.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.